Shafin da Ba Ta Gyara Ba

Saƙon ya shigo wayarta tana cikin akwatin gilashin nan da ake zaunar da tafintoci a bayan zauren taro, abin sauraro a kunne, tana juya maganar wani dattijo mai yawan tari daga Faransanci zuwa Turanci. Sai da aka tashi shan shayi ta samu ta duba. Daga tsohuwar makarantarsu ne. Wai an gama ginin sabon laburare, tsohon kuma ranar Litinin za a rushe shi. Duk tsohon ɗalibin da ke son littafinsa na benci, wanda suka cika shi da abokin zamansa, ya zo ya karɓa kafin ƙarfe biyar na yammacin Juma'a. Abin da ya rage a kan kanta, masu niƙa takarda ne za su kwashe.

Ta karanta sau uku, har shayin ya huce a hannunta. Sannan ta fita baranda ta kira yayarta.

"Yaya, gobe zan je makaranta."

"Wace makaranta kuma? Auta, ba ke kika rantse ko layin ba za ki ƙara bi ba?"

"Littattafan benci za su raba. In ban je ba, abokin bencin nan nawa zai je ya ɗauka."

"To ya ɗauka mana. Rabin littafin ai nasa ne."

"Da shafina a ciki? Ya kai gida ya aje a falo, matarsa ta buɗe, 'ya'yansa su koyi karatu a kai? Wallahi sai na yage shafin nan da hannuna."

Yaya ta yi dariya har ta sarƙe. "Shekara goma sha biyu, Auta! Mutane sun yi faɗa sun shirya, sun yi aure sun haihu, ke kina nan kina gaba da jan biro."

"Yi dariyarki. Ba ke kika buɗe wa mutum zuciyarki ya ba ki bakwai bisa goma ba."

Washegari ta yi tafiyar awa huɗu a mota, ta sauka a bakin layin makarantar ƙarfe biyu da rabi. Shagon mai sayar da littattafai ya zama na gyaran waya, an yi wa titin kwalta, amma ƙofar tana nan da baƙin fentinta. Allon ma yana nan. Wani ɗan katako ne mai faɗin tire, rataye a ƙusa a jikin ginshiƙi, fuska ɗaya shuɗiya, ɗaya koriya.

Allon nan shi ke mulkin makarantar. In ka zo ranar Litinin ka tarar da shuɗi, to makon Faransanci ne: lissafi, kimiyya, tarihi, har neman izinin fita, duk da Faransanci. In kore ne, komai ya koma Turanci. Yara 'yan ƙasashe daban-daban sukan sauko daga mota suna surutu, da sun ɗaga kai sun ga launin sai ka ji harshensu ya juya kamar an murɗa rediyo.

"Wa nake gani kamar Shiru?"

Baba Maigadi ne, a kan kujerarsa ta roba. Gemunsa ya yi fari fat, amma idon nan na gane mutane bai tsufa ba.

"Baba, ina wuni? Ashe ba ka manta ni ba."

"In manta yarinyar da ta yi wata guda tana gaishe ni da ka? Har na ce wa shugabar makaranta an kawo mana kurma. Yanzu wane aiki ake yi?"

"Tafinta ce ni, Baba. Magana nake yi daga safe har yamma."

Ya tafa hannu. "Ikon Allah! Shiru ce ke cin abinci da baki! Ni kuwa kin gan ni nan, shekara talatin ina juya allon nan, ban iya ko ɗaya daga cikin yarukan ba. Amma kin tuna ranar da na manta ban juya ba?"

Ta tuna. Awa biyu cur makaranta na ta Faransanci a makon Turanci, sai da malamin kimiyya ya shigo aji ya yi gaisuwa aka amsa masa da wani harshe, ya fita ya duba kalandarsa, ya dawo ya sake fita. Suka yi dariya ita da Baba. Da ta wuce ciki sai dariyar ta gudu, domin kowane lungu na farfajiyar nan akwai abin da ya aje mata.

Tana da shekara goma sha biyar aikin Abbansu ya kawo su garin. A inda suka baro da Faransanci ake karatu, kuma ita ce ta ɗaya a ajinsu. Da ta zo nan, makon farko ya faɗo kore. Ta zauna kamar an dasa ta, malamai na magana tana jin kamar ruwa ne ke zuba a kan kwano. Yarinyar da ta saba ɗaga hannu kafin a gama tambaya ta koma ba ta iya cewa a ara mata abin goge rubutu. Daga nan sunan Shiru ya samo asali, ya kuma bi ta har ta gama.

Makarantar tana da dabararta game da irinsu. Duk wanda ya zo da Faransanci sai a haɗa shi benci ɗaya da wanda ya zo da Turanci, su yi shekara uku tare, a ba su littafi ɗaya. Ita aka haɗa ta da wani siririn yaro mai dogon wuya, wanda tabarau ɗinsa kullum ke zamewa zuwa kan hanci yana tura shi da ɗan yatsa. Tabarau kowa ke ce masa. Turanci a bakinsa kamar ruwa, amma in ya kama Faransanci sai ka ce buhun tsakuwa ake ja a kan siminti.

Mama Laburare ce ta miƙa musu littafin. 'Yar gajeruwar mace ce mai murya ƙasa-ƙasa, wadda ko shugabar makaranta ba ta ja da ita. Littafin mai kauri ne, kuma ba shi da baya, gaba biyu gare shi. Ta bangon shuɗi shafukan masu ƙananan gidaje ne irin na makarantun Faransanci. In ka kifa shi ka buɗe ta bangon kore, layuka ne miƙaƙƙu.

"Ke a kore za ki riƙa rubutu, da Turanci," in ji Mama. "Kai kuma a shuɗi, da Faransanci. Kowa da harshen da ke ba shi wuya. Ga jan biro, ɗaya ne, ku riƙa karɓa-karɓa. In littafi ya zo hannunka, sai ka gyara shafin abokinka ka ba shi maki kafin ka rubuta naka. Gyara kafin rubutu, kun ji ko? In za ka mayar, bangonka ya kalli sama, don ya san akwai sabon aiki. Ranar da kuka haɗu a tsakiya, ku sa hannu, in buga hatimi, littafi ya hau kanta."

Shafinta na farko layi huɗu ne: tana da yaya ɗaya, gidansu bene ne, tana son ruwan sama. Ya dawo mata da shi ja-ja-wur, da hoton wata 'yar tsuntsuwa riƙe da lema a gefe, da maki shida bisa goma. Shi kuma ya cika shafi guda da labarin kyanwar gidansu, wadda wai ta haɗiye maɓallin rigar babansa. Ta gyara, ta ba shi biyar bisa ashirin, yadda ake ba da maki a inda ta fito.

Da aka fita hutun tara ya same ta ƙarƙashin bishiyar da ke bayan ɗakin kimiyya, littafin a hannu, ya manta da launin allo gaba ɗaya.

"Biyar? Bisa ashirin? Ke wace irin marowaciya ce? Makin na Abbanki ne?"

Ta ɗago a firgice. Hausa! Wata guda ba ta ji ta a bakin wani ɗalibi ba. Ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba.

"Biyar ɗin ma don kyanwar na ba ka."

Ya tura tabarau, ya ƙura mata ido. "Au, ashe kina magana?"

Tun daga ranar gindin bishiyar nan ya zama nasu. A aji su bi allo, a littafi kowa ya sha wuyarsa, a gindin bishiya kuma su yi ta musu da Hausa a kan maki. Kyanwar ta yi ta shiga uku mako bayan mako: ta faɗa cikin injin wanki, ta bi motar kwasar shara, ta haihu a cikin takalmin baƙo. Shiru takan gyara tana danne dariya har hawaye ya fito. Ita kuma layukanta huɗu suka zama goma, suka zama shafi. Ta rubuta masa labarin gidan da suka baro, da kakarta da ta tsaya a ƙofa tana ɗaga hannu har mota ta sha kwana. Ta rubuta yadda take jin kanta kamar mutum biyu, mai wayo a makon shuɗi, wawuya a makon kore. Shi ya rubuta cewa babansa likita yake so ya zama, alhali shi gadoji yake son ginawa, kuma ita ce ta farko da ya faɗa wa.

Abin mamaki, abin da suka rubuta ba su taɓa ɗaga shi da baki ba. A gindin bishiya sai tsiya da dariya. Maganar gaske a littafi take, cikin gurguwar jimla, ƙarƙashin jan biro. A hankali ya fara yi wa lambar bakwai ɗamara a tsakiya irin tata. Ita kuma wata safiya ta farka ta tarar da Turanci ta yi mafarki. Ta kai ta san rubutunsa fiye da yadda ta san fuskarsa: in yana cikin damuwa haruffan sukan kwanta, in yana jin daɗi sukan tsallake gidajensu. Duk littafin soyayyar da ta aro a laburare, da ta kai tsakiya sai ta ga jarumin ya sa tabarau.

Haka aka yi ta tafiya, ita daga kore, shi daga shuɗi, farar takardar da ke tsakaninsu tana sirancewa, har aka gama jarrabawar ƙarshe saura shafi uku: nata, nasa, da na tsakiya. A makon ne Abba ya ce an sake yi masa canjin wurin aiki, ranar Asabar za su tashi.

Ranar Laraba da rana ta zauna a teburin da ke kusa da taga a laburare, ta rubuta shafinta na ƙarshe. Ta ce shekara uku tana rubuta masa labarin ruwan sama, amma ba ruwan sama take nufi ba. Ta ce ba barin garin ne ke ba ta tsoro ba, Litinin ɗin da za ta zo ba shi a gefen damanta ce. Ta faɗi kalmar ma, ƙarara, ba kwana-kwana, da harshen da ta shigo makarantar ba ta san ko gaisuwarsa ba. Ta ba shi, kore a sama, ta gudu gida.

Ranar Juma'a da safe ya aje littafin a gabanta, shuɗi a sama. Bai kalle ta ba. Gumi ne a kan hancinsa, ya ce wai ana nemansa a ofis, ya fita da sauri. Ta kifa littafin, ta buɗe gefenta, idonta ya tafi kai tsaye ƙasan rubutunta, inda amsa ya kamata ta kasance.

Jan biro ta gani. Ya ja layi a nan, ya ƙara harafi a can, ya zagaye wata kalma. A ƙasa ya rubuta: bakwai bisa goma, an samu ci gaba. Ko 'yar tsuntsuwar babu.

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ba shi zuciyarta, ya duba ta kamar aikin gida! Ta rufe littafin, ta kai laburare ta dangwarar a teburin Mama, ta fita da gudu. Ta ji Mama na kira, "Ke! Ke Shiru!" ba ta waiwaya ba. Ranar Asabar suka tashi. Ta canja lamba, ta ƙi shiga zauren hirar 'yan ajinsu, duk wasiƙar da ta zo da tambarin makaranta ta tura ta ƙasan akwati ba ta buɗe ba. Ta girma, ta iya harsunan nan biyu har ana biyanta ta faɗi maganar wasu. Tata maganar kuwa, tun daga ranar ba ta ƙara ba kowa ita a rubuce ba.

Yanzu ga ta a ƙofar laburaren. Ƙamshin tsohuwar takarda da man goge katako ya tare ta, sak yadda ta bar shi. Kantocin duk an kwashe, kwalaye jere a bango. Fankar sama tana nan da ƙararta ta ƙet-ƙet. Mama Laburare na zaune a teburinta, ta ƙara ƙanƙancewa, hatimi da tawadarsa a gabanta.

"Salamu alaikum. Mama, ina wuni?"

Mama ta dube ta ta saman gilashi. "Wa alaikumus salam. 'Yar gudun hijira, an dawo? Wasiƙa uku na aika miki."

"Mama, ayyuka ne suka..."

"Ayyuka. Zauna."

Ta sunkuya da ƙyar, ta jawo littafin daga kantar ƙasa, inda yake shi kaɗai. Bangon ya koɗe, shuɗin ya yi fari-fari. Shiru ta miƙa hannu biyu. Mama ta dafe shi da tafinta.

"Ina za ki da shi?"

"Saƙon ya ce a zo a karɓa."

"Masu hatimi. Wannan ba shi da hatimi. Littafin da ba a gama ba ba ya fita daga ɗakin nan."

"Haba Mama! Ranar Litinin fa za a rushe ginin."

"Su rushe. Gini aka ce za a rushe, ba a ce da ƙa'ida ba. Akwai shafin da ba a gyara ba."

"Ya gyara, Mama. Da idona na gani. Har maki ya ba ni."

"Wa ke maganar naki? Nasa nake nufi." Mama ta juya littafin, shuɗi ya kalli sama. "Ni ba na karanta littafin yara, jan biro kawai nake dubawa. Shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki, ke kaɗai ce kika kawo min littafi ba ki gyara wa abokinki ba. Na yi ta kira kina gudu kamar an biyo ki."

Shiru ta tsaya tana kallon bangon. Shuɗi a sama. Haka ya aje mata shi ranar, shuɗi a sama, alamar da ko ɗan aji ɗaya ya san ma'anarta. Sau ɗari da wani abu ta karɓi littafin nan a haka, kullum gefensa take fara buɗewa. Ranar ce kaɗai ta kifa shi.

Mama ta ɗora jan biro a kai, ta tura mata. "Teburin taga na nan, ban bari sun ɗauka ba."

Ƙafafunta suka kai ta, ita dai ba ta san yadda aka yi ba. Ta buɗe shafin ƙarshe na gefen shuɗi. Rubutunsa ne, haruffan sun kwanta sun kuma tsallake gidajensu a lokaci guda, abin da ba ta taɓa gani ba. Faransancin nan nasa ne mai ɗingishi, ba ɗigon ja ko ɗaya a kai.

Ya ce ta yafe masa jan biron, doka ce ta ce sai ya gyara kafin ya rubuta, kuma hannunsa rawa yake yi shi ya sa bai iya zana tsuntsuwa ba. Ya so ya ba ta goma, amma ya san za ta ce ƙarya yake. Ya ce da Turanci zai iya ba ta amsa mai daɗi a ƙasan shafinta cikin minti biyu, amma ita ta yi ƙarfin hali ta faɗa da harshen da ke ba ta wuya, ba zai zama namiji ba in ya faɗa da mai sauƙi. Ya ce akwai abin da ya daɗe yana ɓoyewa: ba su da kyanwa. Ba su taɓa yin kyanwa ba, mamarsa ko ganinsu ba ta so. Ya ƙirƙiro ta ne ranar farko don ya ga ko yarinyar nan tana dariya, da ya ga tana yi sai ya kasa dainawa. Daga nan ya faɗi kalmar shi ma, har sau biyu, na biyun da kuskure. A ƙarshe ya ce: yau in an tashi ina gindin bishiya. In kin gyara ki kawo min. In ba ki zo ba, na gane, ba zan dame ki ba.

Ta karanta har ƙarshe, ta koma farko. A karo na biyu ba ta iya ganin layukan ba. Ta kifa kai a kan teburin ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun tana 'yar shekara goma sha takwas, kukan yarinyar da ta gudu, da na yaron da ya tsaya.

Mama ta bar ta sai da ta lafa, sannan ta ce, tana jera katuna a kwali kamar da su take magana, "Ranar sai da Baba Maigadi ya kore shi zai kulle ƙofa. Washegari ya zo nan ya buɗe gefensa, ya ga ba ja, ya rufe ya tafi. Shi a tunaninsa kin karanta ne kin ga bai ma cancanci gyara ba."

"Wayyo Mama, ban juya ba. Wallahi ban juya ba."

"Ni kike faɗa wa? Ranar Talatar nan ma ya zo. Ya buɗe, ya yi 'yar dariya, ya ce, 'Mama, har yanzu ba ta gyara ba?' Ya roƙe ni in ba shi ko ba hatimi, na ce ya dawo Juma'a ƙarfe huɗu mu gani." Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. "Na tambaye shi ina iyali, ya ce gadoji dai ya gina guda biyar, amma gida tukuna. Ni dai tambaya kawai na yi."

Uku da minti ashirin. Shiru ta dubi ƙofa. Motar komawa tana tashi ƙarfe huɗu. Za ta iya kifa littafin yanzu, ta yage shafinta kamar yadda ta zo yi, ta fita, ba mai riƙe ta. Shekara goma sha biyu ba kwana goma sha biyu ba ne. Wanda zai shigo ƙofar nan wani mutum ne da ba ta sani ba, kuma sai ta dube shi ido da ido ta ce masa duk wannan tsawon shirun a kan kifa littafi ne. Kunyar wannan ta fi ta bakwai bisa goma nauyi.

Ta share ido da gefen mayafinta, ta cire murfin biron.

Ta bi shafin layi-layi, a hankali, yadda ta saba. Ta ja layi, ta ƙara harafi, ta zagaye kalma. Da ta zo kan kalmar da ya rubuta sau biyu, ta gyara ta biyun, ta daɗe biron na kan takarda. Ta rubuta maki a ƙasa. A gefe kuma, duk da ba ta iya zane ba, ta yi wata aba mai kunne biyu da wutsiya.

Huɗu saura minti biyar ta ji takun takalmi a baranda, da muryar da ta yi kauri tana cewa, "Mama, na dawo da roƙona." Ya shigo. Wuyan ya cike, akwai 'yar furfura a gefen kunne, tabarau ɗin na zamani ne. Ya gan ta, ya tsaya cak. Tabarau ya zame zuwa kan hanci. Ya tura shi da ɗan yatsa.

Duk jawabin da ta shirya cikin rabin awa, da harsuna uku, ya watse. Ta miƙe ta miƙa masa littafin. Ya karɓa, ya buɗe gefensa, ya daɗe yana kallo.

"Sha ɗaya," ya ce a hankali. "Bisa ashirin. Shekara goma sha biyu ina jira, sha ɗaya? Har yanzu marowaciya ce ke, Shiru."

"Kuskure goma sha huɗu ne a ciki. Na ma yi maka sassauci."

"Wannan kuma mene ne a gefe? Ɓera?"

"Kyanwa ce, maƙaryaci." Ta dube shi. "Tabarau, ban karanta ba. Ranar nan gefena na buɗe, na ga jan biro, na gudu. Sai yau na gani. Yau ɗin nan."

Ya nemi kujera ya zauna. Ya cire tabarau, ya murza ido, ya yi wata dariya da ba ta gama zama dariya ba. "Shuɗi fa na sa a sama."

"Na sani."

"Har sauro ya gama da ni a gindin bishiyar nan."

"Ka yi haƙuri."

"Ni ma da na zana tsuntsuwar..."

"To, masu kuskure," in ji Mama, ta buɗe tawada, "ku zo ku sa hannu, ƙarfe biyar nake kullewa."

Suka buɗe shafin tsakiya, wanda ya rage fari shi kaɗai. Ita ta sa hannu daga gefenta, ya juya littafin ya sa daga nasa. Mama ta hura wa hatimin iska, ta buga shi dam, ta tura musu.

"Littafi ɗaya, ku biyu. Wanda zai tafi da shi ba matsalata ba ce. Ku je waje ku sasanta."

Suka fito baranda. Rana ta yi sanyi, yara 'yan ƙananan aji na ta gudu zuwa ƙofa suna ihu da Faransanci, domin makon shuɗi ne. Ya riƙe littafin a ƙirji, yana tafiya a gefen damanta.

"Kin san doka dai," ya ce. "Kin gyara. Yanzu layinki ne ki rubuta."

"Shafi ya ƙare."

"To sai ki faɗa da baki."

"Da wanne? Shuɗi ko kore?"

Ya nuna bayan ɗakin kimiyya da haɓa, inda reshen bishiyar ke leƙowa ta saman rufi. "Da wanda ba a rataye shi a ƙofa ba. A can ba mai riƙe da jan biro."

Wayarta ta yi ƙara a jaka. Yaya ce, ba shakka so take ta ji ko an yage shafin. Shiru ta kashe ƙarar, ta laluba aljihunta, ta ji ashe ta fito da biron Mama. Ta juya da gudu ta mayar, ta dawo tana haki, sannan suka sha kwanar ɗakin kimiyya tare.